Tarihin Risor: Yadda Mota Ta Koyi Shiga Daji

Mai karatu, in ka je tasha ranar kasuwa, ka duƙa ka leƙa ƙarƙashin motar da ke kai ku gari. Kusa da kowace tayar baya za ka ga fallayen ƙarfe dogaye, an jera su ɗaya bisa ɗaya, sun lanƙwashe kamar baka. Sunansu risor. Ƴan'uwanmu na Najeriya suna ce musu sifirin. Su ne ke ɗauke da nauyin mota, da buhunan hatsi, da kai kanka. In taya ta faɗa rami, risor ya miƙe, ya sake lanƙwashewa, ya shanye bugun. Ga tarihinsa.

Risor ya girmi mota. A shekarar 1804 wani maƙerin keken doki na birnin Landan, a ƙasar Ingila, mai suna Obadiah Elliott, ya fito da dabarar ɗora keke bisa fallayen ƙarfe masu lanƙwasa. Da aka ƙera mota wajen ƙarshen wannan ƙarni, sai ta gaji risor daga keken doki.

Amma motocin farko na hanyar birni ne. Cikin rairayi sai su nutse. A watan Disamba na 1922 kamfanin Citroën na ƙasar Faransa ya aika motoci 5 daga Tugurt, cikin Aljeriya, suka ratsa Sahara, suka isa Tumbutu a watan Janairu na 1923. Tayoyi ne a gabansu, a baya kuwa wata ɗamarar roba ce mai zagayawa, don kada su nutse. A 1924 wasu 8 irinsu suka biyo ta ƙasarmu, suka bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram, suka wuce Cadi.

Yaƙin duniya na biyu ya kawo wani sabon abu. A 1941 Amurka ta shiga ƙera wa sojojinta ƙaramar mota Jeep, wadda duk tayoyinta huɗu ke ja. Ita ce uwar motocin da muke kira kat-kat. Ingila ta fito da Land Rover a 1948. Japan ta fito da tata a 1951, wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954. Dukansu bisa risor suke, kuma cikinsu ya yi nisa da ƙasa. A ƙarshen 1959 manyan kamiyo 9 na kamfanin Berliet, masu tayoyi shida, suka ratsa Tenere har Cadi. Daga 1979 kuma tseren Paris-Dakar ya riƙa bi ta Agadas, mutane suka ga motocin da aka ɗaga musamman don daji. Tseren ya bar Afirka bayan 2007.

To, waɗannan motoci na gwamnati ne da na masu hali. Talaka da Peugeot 404 bashe ya saba, daga baya kuma Toyota Hilux, wadda ta fito a 1968. An ƙera su don kaya daidai gwargwado. Mu kuwa muna da hanyar laka da damina, da rairayi da rani, da kasuwa mai nisa da ake ci sau ɗaya a mako. Kaya suka yi yawa, risor ya kwanta, cikin mota ya riƙa gugar ƙasa. Kayan gyara na kamfani suna da tsada, kuma sai an jira su daga ƙasashen waje. Nan ne masu garaji da maƙera da masu walda suka shigo.

Dabarunsu huɗu ne. Ta ɗaya, a ciro falle daga risor na matacciyar mota a ƙara cikin jerin, mota ta tashi, ta ƙara ƙarfin ɗaukar kaya. Ta biyu, a kwance fallayen da suka kwanta, a ɗora su bisa maƙera, a bi su da guduma sannu sannu har lanƙwasarsu ta komo. Ta uku, a yanka ƙarfe mai kauri a yi dogayen maratayai a ƙarshen risor. Ta huɗu, a sa dunƙulen ƙarfe tsakanin risor da ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya. Ko a Faransa an yi irin wannan tunani: a 1980 wani mai suna Henri Dangel ya buɗe kamfani yana ɗaga Peugeot 504, yana mai da ita kat-kat. Shi da awo da gwaji ya yi nasa. Namu masu sana'a da ido da guduma suka yi, suka raya motocin da a wata ƙasa da tuni an zubar.

Sai dai kowace dabara tana da iyaka, kuma ya kamata ka san ta, tun da kai ne ke zaune bisa buhunan.

Ƙarfen risor an yi masa wata irin tauri tun a masana'anta. In aka gasa shi da wuta don ya yi saurin lanƙwasa, taurin ya tafi, ba da jimawa ba zai sake kwantawa. In ya karye aka yi masa walda, wurin nan ne zai sake karyewa, watakila a tsakiyar gudu. Fallen da ya karye sauya shi ake yi. Ƙusoshin nan masu lanƙwasa da ke ɗaure risor, in an kwance su, gara a sa sababbi. Dunƙulen ƙarfe kuwa ba a sa shi a tayoyin gaba, don in ya zame direba ba shi da iko da sitiyari.

Ka kuma sani, in an ɗaga mota, tiyon man birki yana miƙewa. In ya gajarta, wata rana zai tsinke, birki ya ƙi kamawa. Ƙarin falle yana ƙara wa risor ƙarfi, amma bai ƙara wa birki da taya komi ba. Babbar magana ita ce ta nauyi. Ka lura da mace mai tallan tulu: in kaya suka yi tsawo bisa kai, ƙaramin tuntuɓe ya isa. Haka mota take. In an ɗaga ta, aka jibga kaya sama, mutane suka hau bisa kayan, to kwana ɗaya ko gefen gulbi ya isa ya kifar da ita. Saboda haka kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, marasa nauyi a sama.

In ƙungiyar garinku ta tara kuɗi ta sayi mota, ko ɗanka ya zama karen mota, ku kai ta wurin gwanin da ya san aikin, ku tambaye shi abin da ya yi mata. Araha ba ta ado. In kuwa ka ga mota ta karkata gefe guda tun tana tsaye, ko ka hangi walda a jikin risor, ka haƙura ka jira ta baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Risor ko ya mutu yana da amfani. A kasuwar Katako ta Yamai, da sauran kasuwanninmu, maƙera suna sayen tsofaffin fallaye, su ƙera gatari da wuƙa da adda, don ƙarfen yana riƙe kaifi. Watakila gatarin da ke rataye a zaurenka ya taɓa zuwa Agadas ƙarƙashin kamiyo. Ka tambayi maƙerin garinku, zai gaya maka.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.