Tarihin icce a gonakinmu: yadda ya tafi da yadda ya dawo

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, wanda ya bi hanya daga Maraɗi zuwa Damagaram zai ga gonaki cike da itatuwa. Ga gawo, ga kalgo, ga sabara, ga aduwa da magariya. Yaro zai zaci haka ƙasar take tun asali. Ba haka ba ne. Dattijai sun ga lokacin da waɗannan gonaki suka zama fili fetal, iska na kwasar ƙasa yadda ta ga dama. Ya kamata kowa ya san yadda itatuwan suka tafi da yadda suka dawo, don kada abin ya sake samun mu.

Zamanin kakanni

A da mutane kaɗan ne, daji kuwa da yawa. Mutum zai noma gona shekara uku ko huɗu. In ta gaji, sai ya bar ta ta zama saura, ya sari sabon wuri. Kafin ya komo, daji ya tashi, ganye ya zuba ya ruɓe, ƙasa ta huta.

Kakanninmu sun san darajar gawo. Gawo icce ne mai abin mamaki. Da damana yake zubar da ganye, saboda haka inuwarsa ba ta danne hatsi. Da rani kuwa sai ya yi kore, ya yi ƴaƴa. Dabbobi su taru a gindinsa su ci, su bar taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau.

A tarihin Damagaram ana ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta har shekarar 1884. Ya hana saran gawo ba da izini ba, ya sa horo mai tsanani ga wanda ya karya dokar. Ƙasar Mirya da Magarya da Matamai ta daɗe da suna wajen gawo.

Icce ya zama na hukuma

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Suka ɗora haraji, kuma da kuɗi ake biya. Hanyar samun kuɗi ita ce gyaɗa. Sai gonaki suka yi ta faɗaɗa, daji yana raguwa.

A 1935 Faransawa suka kafa dokar daji. Daji ya zama na hukuma. Aka jera waɗansu itatuwa, har da gawo, aka ce ba mai taɓa su sai da takarda, ko da a gonar mutum suke. Bayan samun mulkin kai a 1960, aka ci gaba da tafiya a kan wannan hanya. Dokar daji ta 1974 ba ta sake abin ba.

Nufin dokar shi ne a tsare icce, amma sai ta haifi wani abu dabam. Manomi ya ga icce yana cikin gonarsa, amma ba nasa ba ne. In ya sari reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. In wani ya zo da dare ya sare, mai gona ake tambaya. Sai ya ce a ransa: gara in kashe shi tun yana ƙarami, kafin ya jawo mini magana.

Ga kuma koyarwar wancan lokaci. An ce manomin kirki shi ne mai gona fes. An ce a tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce. Jama'a kuma sai ƙaruwa take, gona ta daina samun hutu. Kowace bazara a yi sassabe, a sare duk tohon da ya fito, a tara, a sa wuta.

Shekarun fari

Daga 1968 zuwa 1974 ruwan sama ya yi ƙaranci. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe. A 1984 fari ya komo, aka yi yunwar da ake kira El Buhari, don a lokacin ne gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya. Mutane suka sari sauran itatuwa suka kai kasuwa don su sayi tiyar hatsi.

Nan ne aka ga amfanin abin da aka rasa. Gona ba icce, iska ba mai tare ta. Mutum ya yi shuka, rairayi ya binne ta ko ya yanke ta. Ya sake, ya kuma sakewa, har iri ya ƙare. Mata suna wuni a daji neman iccen girki. In ba su samu ba, su ƙona kara da kashin shanu. To, kara da kashin shanu su ne abincin gona. Ƙasa ta ƙara mutuwa.

Zamanin dashe

Hukuma ba ta zauna ba. Tun 1975, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa. A wannan shekara kuma aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, ƙasar Buza, don tare iska, tare da taimakon ƙungiyar CARE. Layukan sun kama, amfanin gona ya ƙaru. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarar ce aka soma aikin Keita da taimakon ƙasar Italiya, aka jera duwatsu don tare ruwa, aka raya ƙasar da ta mutu.

An yi aiki, ba shakka. Amma a wurare da yawa dashen bai rayu ba. Ƙaramin dashe saiwarsa gajera ce, rani kuwa dogo ne. Awaki su ci, gara ta ci. Babban ciwon shi ne, iccen da aka dasa a filin kowa ba shi da mai ban ruwa, ba shi da mai tsaro.

Dajin da ke ƙarƙashin ƙasa

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Maganin yana cikin gonaki, ana sare shi kowace shekara. Ƙananan tsire-tsiren nan da ake sassabewa ba ciyawa ba ne. Toho ne na tsofaffin itatuwan da aka sare. Kututturen yana da rai, saiwarsa ta yi nisa cikin ƙasa, ta kai ga laima.

A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostiraliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a jihar Maraɗi, ya lura da haka. Ya shawarci manoma su daina sare tohon duka. A kowane kututture a zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, a bar su. A cire sauran, a gyara na bari da wuƙa mai kaifi. Da yake saiwa babba ce, icce yana tashi da sauri, ba ban ruwa, ba kuɗi. Wannan shi ne aka sa wa suna sassaben zamani.

Manoma kaɗan ne suka yarda da fari, kuma an yi musu dariya. Da yunwar 1984 ta zo, aka yi ta ba da abinci ga masu barin toho a gonakinsu. Da abincin ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun ga bambanci. Sun sami iccen girki, da harawa, da kuɗin sayar da rassa. Shukarsu ta tsira daga iska. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Masu zuwa cin rani suka kai labari gari gari. A waɗansu wurare, kamar ƙasar Damagaram, manoma da kansu suka koma ga barin ƴaƴan gawo irin na kakanni.

Icce ya sami mai shi

Abin da ya ƙarfafa aikin shi ne, a hankali manomi ya daina tsoron tara. A jihar Maraɗi ma'aikatan gandun daji suka sassauta, suka bar mai gona ya mori iccen da ya raina. Garuruwa suka kafa dokokinsu. A Ɗan Saga, ƙasar Agye, an kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa manoma da mata da makiyaya. Wanda aka kama yana sata, gari ne ke hukunta shi.

Doka ma ta bi baya. An yi sabuwar dokar daji a 2004. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi hakkinsa a kan iccen da ya raina a gonarsa.

Masana sun gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a shekarun fari da na baya. A lissafin da suka fitar a 2009, sun ce gonakin da suka farfaɗo a Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba, talakawa ne suka raine su. Baƙi daga ƙasashe da dama sun zo Maraɗi koyon dabarar.

Abin da ya rage gare mu

A 1960 mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne. Ƙidayar 2012 ta sami miliyan 17. Gona ba za ta sake samun hutu irin na da ba. Icce ne zai yi mata aikin da saura ke yi. Ga birane suna neman icce da gawayi, ga masu sara da dare. Abin da aka raina shekara goma, gatari na iya kada shi kafin asuba.

Tarihi ya nuna mana abu guda. Lokacin da icce ya zama ba na mai gona ba, ya ɓace. Da ya sami mai shi, ya dawo. Saboda haka in lokacin sassabe ya zo, mu duba kututture kafin mu ɗaga gatari. Mu sari reshe, mu bar uwa. Mu zauna da makiyaya a shirya yadda za a sassaki ganye ba a kashe icce ba. A sa mata cikin shawara, don su ne suka fi kowa sanin wahalar rashin icce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.