Hawan tsaunuka a lokacin hunturu: abin da sabon shiga ya kamata ya sani, daga duwatsun Abuja zuwa masu dusar ƙanƙara

Da zarar damina ta ɗauke kuma iskar hunturu ta fara kaɗawa, duwatsun da suka kewaye Abuja kan samu baƙi a safiyar kowace Asabar. Ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da ɗalibai kan fita rukuni-rukuni tun da sassafe, jagora yana gaba, su nufi tsaunukan Katampe da Mpape da Ushafa da na gefen madatsar ruwa ta Usuma. A cikinsu akwai waɗanda burinsu ya wuce nan. Suna son su yi amfani da hutun ƙarshen shekara su hau manyan tsaunukan Afirka, waɗanda kamfanonin yawon buɗe ido ke tallatawa a intanet da alƙawarin cewa ko wanda bai taɓa hawa ba zai iya.

Alƙawarin yana da ƙanshin gaskiya, domin akwai manyan tsaunukan da ake kaiwa ƙololuwarsu da tafiyar ƙafa kawai. Sai dai abin da ke kayar da sabon shiga a can shi ne sanyi da ƙarancin iskar shaƙa da gaggawa, kuma duka ukun ana iya yi musu shiri tun daga gida.

Dalilin da ya sa hunturu ya fi dacewa

Yawancin duwatsun Abuja curarren dutse ne mai sulɓi. Da damina ruwa da gansakuka kan mayar da su tamkar an shafa musu sabulu, ga haɗarin tsawa ga wanda hadari ya ritsa da shi a sama. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa dutse a bushe yake, rafuka sun ja baya, safiya kuma tana da sanyin da ke sauƙaƙa tafiya.

Hunturun ma yana da nasa matsalolin. Ƙura tana rage nisan gani, tana kuma tayar wa masu cutar asma ciwonsu, shi ya sa Hukumar Kula da Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitar da gargaɗi a ranakun da hazo ya yi kauri. Busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki ba tare da mutum ya ga gumi ba. Busasshiyar ciyawa tana da santsi a gangare, kuma lokacin ne ake yawan cinna wa daji wuta.

Matakin farko: duwatsun Abuja

Dutsen Aso, wanda ya ɗaga kimanin mita 400 sama da ƙasar da ke kewaye da shi, shi ne mafi shahara a cikin birnin. Amma yana bayan Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisar Dokoki ta Ƙasa da Kotun Ƙoli, saboda haka yanki ne na tsaro da ba a hawa sai da izini. Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke kan takardar naira 100 da aka fitar a 1999, yana cikin Jihar Neja ne, kusa da Madalla a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Tsayinsa daga gindi ya kai kimanin mita 300, kuma gangarensa yana da tsanani, don haka bai dace da fitar farko ba. Masu hawansa kan ɗauki jagora daga ƙauyukan da ke gindinsa.

Ƙananan tsaunukan Katampe da Mpape da Ushafa su ne makarantar sabon shiga. Ana hawa a sauko cikin 'yan sa'o'i, kuma a nan ne mutum ke sanin ƙarfin gwiwarsa da numfashinsa, ya gwada takalminsa, ya saba da ɗaukar jaka a baya. Wanda ya shafe watanni biyu ko uku yana fita kowane mako, yana ƙara nisa da nauyin kaya sannu a hankali, ya kafa tubali mai kyau.

Batun tsaro ma yana da muhimmanci. Wasu garuruwan Ƙaramar Hukumar Bwari sun yi fama da masu garkuwa da mutane a farkon 2024. Saboda haka ba a fita mutum ɗaya, ba a shiga dutsen da mutanen yankin suka ce a ƙaurace masa, kuma akan sanar da mai unguwa ko dagaci kafin a hau. Da ɗan gari akan ci gari.

Mataki na biyu: Shere da Chappal Waddi

Tsaunukan Shere suna gabas da Jos, kimanin kilomita 10 daga birnin, kuma mafi tsayinsu ya kai mita 1,829 daga matakin teku. A nan ne makarantar horon tsauni ta Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci take, cibiyar da aka kafa a 1951 a gaɓar Man O' War da ke Kamaru ta yanzu. Da hunturu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 10 da dare a Jos, don haka kwana a tanti a Shere shi ne gwajin farko na sanyi ga wanda ya taso daga Abuja.

Tsauni mafi tsayi a Najeriya shi ne Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai mita 2,419. Yana kan iyakar Najeriya da Kamaru a Jihar Taraba, cikin Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 kuma shi ne mafi girma a ƙasar. Ana bin hanyar Jalingo da Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun take, a nemi izini da rakiyar jami'an gandun. Tafiya ce ta kwanaki, da kwana a daji da tsallake rafuka, shi ya sa ake yin ta da rani.

A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 yana rage zafin iska da kimanin digiri 6.5. Ke nan ƙololuwar Chappal Waddi za ta fi Abuja sanyi da kimanin digiri 12, kafin a haɗa da kaɗawar iska.

Mataki na uku: inda iskar shaƙa ke raguwa

Likitoci sun ƙiyasta cewa ciwon tsauni yakan fara bayyana ne daga mita 2,500 zuwa sama. Babu wani wuri a Najeriya da ya kai wannan tsayi. Ma'ana, ko wanda ya hau Chappal Waddi lafiya bai san yadda jikinsa zai karɓi ƙarancin iska ba tukuna.

Akwai tsaunuka uku da matafiyin Najeriya zai iya nufa. Tsaunin Kamaru da ke Buea ya haura mita 4,000, sai dai yana yankin da rikicin 'yan aware ya shafa tun 2017, don haka sai an binciki halin tsaro kafin a tafi. Tsaunin Toubkal na Maroko, mai mita 4,167, shi ne mafi tsayi a Arewacin Afirka, kuma shi ne ainihin hawan hunturu, domin dusar ƙanƙara kan rufe shi daga wajen Disamba zuwa Afrilu. Ana tashi daga ƙauyen Imlil, kudu da Marrakesh, a kwana a masaukin da ke kan mita 3,200, sannan a nufi ƙololuwa da asuba. A wannan lokaci dole a ɗaura wa takalmi ƙusoshin ƙarfe masu kama ƙanƙara, a riƙe ɗan gatarin da ake cakawa idan santsi ya kwashi mutum. Hukumomin Maroko sun wajabta ɗaukar jagora bayan kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido kusa da Imlil a Disamban 2018.

Na uku shi ne Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895, mafi tsayi a Afirka. Ba a hawansa sai da jagora mai lasisi. Ana bin hanyoyi irin su Marangu da Machame da Lemosho cikin kwana 5 zuwa 9, kuma Janairu zuwa farkon Maris na daga cikin lokutan da ruwan sama ke da sauƙi. A ƙololuwarsa, kowane numfashi yana shigar da kusan rabin iskar oksijin da mutum zai samu a bakin teku.

Alamomin ciwon tsauni

Ciwon yakan fara da ciwon kai da tashin zuciya da jiri da rashin cin abinci da rashin barci, galibi cikin sa'o'i 6 zuwa 12 bayan isa sabon tsayi. Ƙarfin jiki ba ya hana shi. Matashi ɗan ƙwallo yana iya kamuwa, dattijon da ke tafiya a hankali ya tsira. Idan aka ci gaba da hawa da ciwon, ruwa yana iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma kowannensu yana iya kisa cikin kwana guda. Haki alhali mutum yana zaune, tari mai kumfa, tangaɗi da ruɗewa alamu ne da ke nufin a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Ƙa'idar da likitocin tsauni suka shimfiɗa ita ce, bayan an wuce mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya fi na jiya tsayi da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Akwai ƙwayar magani mai suna Diamox da ke taimaka wa jiki ya saba, amma likita ne ke rubuta ta.

Sikila: gargaɗi na musamman ga 'yan Najeriya

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da jinin AS. Ƙarancin oksijin da sanyi da ƙarancin ruwan jiki su ne manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma duka ukun suna haɗuwa a kan tsauni. Likitoci kan shawarci mai jinin SS ko SC da ya guji irin wannan tsayi. Mai AS yakan rayu lafiya a ƙasa, amma an sha samun waɗanda jini ya toshe musu a saifa bayan sun hau wuri mai tsayi. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a saman ciki ta ɓangaren hagu. Duk mai niyyar tafiya ya kamata ya yi gwajin jini tun kafin ya biya kuɗi, ya kuma sanar da jagoransa sakamakon. Masu hawan jini da ciwon zuciya da ciwon sukari da asma da mata masu juna biyu su ma sai sun ga likita.

Zaɓen jagora da kayan tafiya

Kafin a biya kamfani, akwai tambayoyin da ya kamata a samu amsarsu a rubuce: kwana nawa aka ware, mutum nawa kowane jagora zai kula da su, yana da lasisi da horon taimakon gaggawa, kuma ta yaya za a sauko da wanda ya kasa. A duba ko inshorar tafiyar ta haɗa da tsayin da za a kai, domin da yawa suna da iyaka. Shirin da ya fi arha galibi shi ne mafi ƙarancin kwanaki, kuma shi ne ya fi jefa mutane cikin ciwon tsauni. Sannu ba ta hana zuwa.

Ana sa tufafi hawa-hawa: na ciki mai saurin bushewa, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska. Rigar auduga ba ta dace ba, domin tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Sai hular sanyi da safar hannu da safa mai kauri da fitilar goshi da tabarau mai duhu, saboda hasken rana a kan ƙanƙara yana ƙona ido. Sabon takalmi kan yi wa ƙafa bororo, don haka a fara taka shi a Katampe makonni kafin tafiya. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli guzuri ne marar nauyi mai ba da ƙarfi, kuma ana buƙatar lita 3 zuwa 4 na ruwa a rana.

Jagora na ƙwarai yakan tsayar da lokacin juyawa tun kafin a tashi, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, domin yawancin faɗuwa a kan hanyar saukowa take aukuwa, lokacin da gajiya ta kama kowa. A cikin Najeriya, lambar kiran gaggawa ita ce 112, amma da yake layin waya kan ɗauke a bayan dutse, ana barin wani a gida ya san hanyar da aka bi da sa'ar da ake sa ran dawowa.