Hantar da Ta Ceci Rayuka, da Lambobin Gwajin Jininka

A shekarar 1855, wani likitan Ingila mai suna Thomas Addison ya bayyana wata cutar ƙarancin jini mai cin mutum sannu a hankali: jiki ya ɗashe, ƙarfi ya ƙare, daga nan sai ajali. Aka shafe shekara 70 ba a san maganinta ba.

Sai a 1926, a birnin Boston na Amurka, George Minot da William Murphy suka fara ciyar da majinyata hanta mai yawa kullum. Waɗanda aka fid da rai da su suka miƙe. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple, amma sai a 1948 aka ware sinadarin da ke cikin hantar, wato bitamin B12.

Wannan tarihi yana nan a takardar sakamakon gwajinka. Layin MCV yana nuna girman jajayen ƙwayoyin jini. Idan ya haura 100, ƙwayoyin sun fi ƙima, kamar yadda akan gani a wannan cuta. Idan kuwa B12 ya gaza 200 pg/mL, galibi ƙaranci ne.

Darasi mafi ɗaci ya zo a shekarun 1940, da aka gwada folik asid: lambobin jini suka gyaru, jijiyoyi kuwa suka ci gaba da lalacewa. Saboda haka kyawun MCV ba shaidar lafiya ba ne. Wanda ƙafafunsa ke yawan mutuwa, musamman mai shan metformin shekara da shekaru, ya nemi likita ya auna B12 ɗin kansa, tun ɓarnar ba ta zama ta dindindin ba.