Zabo da Zaman Gida a Ƙasar Gobir

Mu da muka tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Sabon Birni da Isa ba mu san magariba marar hayaniya ba. Kafin ladan ya buɗe baki, zabi sun dawo daga gonaki a jere, sun taru a gindin tsamiya suna ta surutu kamar masu rabon gado, sannan su tashi ɗaya bayan ɗaya su haye reshe. A lokacin ne maigida ke tsayawa ya ƙirga abinsa, in an rasa ɗaya a tura yaro ya duba bayan gari. A bakinmu na Gobir "zabbi" muke cewa, kuma da wuya ka shiga gidan manomi ko rugar Fulani a wannan yanki ba ka yi tuntuɓe da gashinsu mai ɗigo-ɗigo ba.

Tarihin da aka koya mana na sarakuna ne. Mun san Babari da ya ci Birnin Zamfara ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, mun san Bawa Jangwarzo, mun san Yunfa da ya faɗi tare da birnin a watan Oktoba na 1808. Mun san yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya rasa ransa a gaban rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da yadda waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya ɓata da 'yan'uwansa na Tsibiri, ya dawo kwarin Rima ya kafa Sabon Birni, ba nisa da kufan Alƙalawa. Kudu da shi kuma ga Isa, a ƙarƙashin tutar Sakkwato, ita ma sarkinta Sarkin Gobir ake kiransa. Duk wannan labarin tashi ne da sauka: a gina ganuwa, a fasa ta, a ɗauki kaya a yi gaba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne me talaka ke iya ɗauka in tashi ya kama, me kuma yake bari a baya. Shanu ana kora su. Akuya ana jan ta da igiya, kaza a ɗaure mata ƙafa a rataya. Zabo kuwa sai ya ga dama.

Dalilin yana cikin halinsa. Zabo ɗan Afirka ne na asali, ba kamar kaza ba da kakanninta suka fito daga dazuzzukan Asiya. Har yau ɗan'uwansa na daji yana nan, kuma bambancinsu da na gida bai taka kara ya karya ba. Daji irin na Gundumi, wanda Bature Clapperton ya ƙetare a 1824 a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, Barth kuma ya bi shi a 1853 cikin tafiyar dare da rana don tsoron mahara da ƙishirwa, shi ne irin wurin da zabin daji ke so: fili mai ciyawa da ƙwari, da itatuwan kwana. Na gida ma bai yarda da akurki ba. Bisa itace yake kwana, da kansa yake kiwo, yana tsintar fara da gara da 'ya'yan ciyawa. Abin da ke tsakaninsa da mai shi ɗan tsaki ne da safe, da kaskon ruwa, da sabo. Sabon nan kuwa da wuri aka yi shi, da wannan itaciya da wannan bayan gida. In ka kai babban zabo baƙon wuri ka sake shi, ka yi masa sallama.

Saboda haka ba a fara kiwon zabi da zabi, da ƙwai ake farawa. Zabuwa tana soma ƙwai ne in damina ta sauka, ta ci gaba har kaka. Ba ta yi a gida. Takan nemi ƙarƙashin wata sabara ko tsakiyar gonar gero, wani lokaci zabi biyu ko uku su haɗa wuri ɗaya. Aikin yara ne su bi sawunta da hantsi, su saurari kukan namijin da ke tsaye yana gadi, har su gano wurin. In an samu ba a kwashe duka, ana barin biyu ko uku, in ba haka ba ta sauya sheƙa. Su kansu zabin da kuka ake rarrabe su, don a ido namiji da mace kusan ɗaya suke: ta macen gaɓa biyu take fitarwa tana maimaitawa, namijin ba ya iya wannan.

Sai kuma a nemo kaza mai kwanci. Zabuwa gwana ce wajen ƙwai, amma a reno ba a yaba mata: takan ja 'ya'yanta cikin raɓa da sassafe, sanyi ya kashe su. Don haka kakanninmu suka ɗora wa kaza aikin. Ƙwanta kwana 21 yake yi, na zabi kuwa sai ya kai 26 zuwa 28, ita kuwa baiwar Allah ta haƙura ta ƙara mako guda a kan abin da ba nata ba. A gidaje da yawa kazar ta uwargida ce, ƙwan na maigida ne ko na wani yaro da ya tara kuɗin tallansa, kuma in an ƙyanƙyashe akwai kason mai kaza. Mun ga gidajen da aka yi kwana biyu ba a ga maciji a kan wannan rabo.

Makonnin farko su ne wuyar aikin. Ɗan zabo ba ya jure jiƙa, ga shirwa a sama, ga muzuru da gafiya da maciji a ƙasa. Akan kifa su da kwando har rana ta busar da ciyawa, a ba su tsakin gero, a je suri a ɗebo musu gara. Wasu kan cika tsohuwar tukunya da kashin shanu da karmami, su yayyafa ruwa su kife a bakin suri, washegari a zo a samu ta cika da gara. Duk da haka asarar ba kaɗan ba ce, kuma wanda ya zuba ƙwai ashirin ya tsira da goma ba ya kuka. Waɗanda suka wuce wannan mataki kuwa sun zama ƙarfe. Annobar da ke share kaji da hunturu ba ta cika yi musu irin wannan ɓarna ba. Suna girma sai su watsar da kazar da ta rene su, su bi danginsu, kowa da launinsa: ga sake mai ɗigo, ga angulu baƙi, ga hurudu mai ruwan toka, ga fari. Ba banza ba Bahaushe ya ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta.

In aka haɗa lissafin, daga ƙwan farko zuwa zabon da zai shiga kasuwa, damina ce cur da kaka da wani abu na rani, kuma duk a gida ɗaya, ƙarƙashin itaciya ɗaya. A ganinmu wannan ya sa garken zabi ya fi ganuwa faɗin gaskiya game da zaman lafiya. Ganuwa tsoro ke gina ta. Zabi hamsin a bayan gidan mutum kuwa shaida ce cewa ya yi shekaru bai kwana da takalmi a ƙafa ba.

Irin wannan zama ya samu sosai bayan 1903, da Turawan Ingila suka ci Sakkwato, hare-haren kan iyaka suka lafa, mutane suka fito daga garuruwa masu ganuwa suka yi tungaye a kusa da gonakinsu. Ba alheri kaɗai Bature ya kawo ba. Tsakanin 1906 da 1908 shi da Bafaranshe suka kafa turakun iyaka, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni ta faɗa Nijeriya, aka raba Gobir biyu. Ga haraji da dole a biya da kuɗi, ga jangali a kan kowace saniya. Amma ba mu taɓa jin malamin jangali ya tsaya ƙirga abin da ke bisa tsamiya ba. Zabo ya zama asusun da hukuma ba ta gani: a sayar da biyu a cika haraji, a yanka ɗaya in baƙo ya sauka, a kai ƙwai gaisuwar surukai. Kuma lokacin ƙwan ya dace da lokacin da rumbu ke ƙarewa, sabon gero bai nuna ba. A shekarun fari na 1973 da 1984, da dabbobi suka yi ta faɗuwa, tsuntsun da ke ci da kansa ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

Da hanyoyin mota suka zo, ƙwan zabi ya yi tafiya. Ɓawonsa ya fi na kaza kauri, yana jure zafi da girgizar hanya. Dillalai a kasuwanni irin ta Shinkafi sukan gwada shi a kwanon ruwa, wanda ya taso sama a ware shi. A tashoshin mota ana sayar da dafaffe da yaji, samari na ƙwanƙwasa shi a haƙori don zaɓen wanda zai fasa na abokin caca. Su zabin kuma a jera su a keji a yi kudu da su gab da Sallah da Kirsimeti. Ba mu kaɗai muka san daɗinsa ba: Rumawa sun ci shi, 'yan Fotugal sun sake kai shi Turai daga gaɓar Gini a ƙarni na 15, yau kuma Faransa ce kan gaba wajen kiwonsa a manyan gonaki. A nan gida masana a cibiyar binciken tafkin Kainji sun yi aiki a kansa a shekarun 1980. Amma a Gobir kiwon bai sauya ba, yana nan hannun kaza da yaro da tukunyar gara.

Yanzu tashi ya dawo. Tun 2019 dubban mutanenmu suka ƙetara iyaka zuwa yankin Maraɗi, wajajen Gidan Rumji, suna gudun 'yan bindiga. A watan Mayu na 2020, daidai lokacin da ake neman kaza mai kwanci, an kashe mutum fiye da saba'in a ƙauyukan Sabon Birni. A Satumban 2021 gwamnati ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni, aka katse layukan waya. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. A cikin irin wannan masifa mutum zai ji kunyar maganar tsuntsu, mu ma mun ji. Sai dai in ana lissafin asara, rayuka ake faɗa da shanu da buhunan hatsi, a tsaya nan. Ba a sa ƙwan da ke sayen sabulu da maganin zazzaɓi a watan Agusta, kuma a gidan da ba saniya shi ne dukiyar.

Ba wanda zai tura yaro ya bi zabuwa cikin gero a inda babba ma ke tsoron gonarsa. Wanda ya gudu da dare ba ya hawa tsamiya ya kamo zabi. Da can kukansu ne ke gaya wa gida cewa baƙo ya doso, don ba abin da ke wucewa ba su yi masa ihu ba. Waɗanda aka bari a kufai, in ba a harbe su ba, sukan ci gaba da dawowa itaciyarsu da magariba na ɗan lokaci, sannan su bi na daji. Yaran da aka haifa a sansani ko a gidan haya a cikin gari kuwa suna tasowa ba su san yadda ake kifa tukunya a bakin suri ba.

Wasu da suka samu mafaka a garuruwan da ke da ɗan dama-dama sun sake gwadawa. Sukan sayi ƙwai goma sha biyu a farkon damina, su aro kaza a maƙwabta, su sa alama a bango suna ƙirga kwana 28.