Yakuwa a Tarihin Illela

A shekarar 1906 ne Ingila da Faransa suka daidaita a kan iyakar da ta bar Illela a Nijeriya, Birnin Kwanni kuwa a Nijar. Rahotannin Turawan mulki cike suke da lissafin gyaɗa da auduga da jangali, amma da wuya a ga ambaton yakuwa, wadda Sakkwatawa ke kira sure. Shukar mata ce. Da saukar damina ake yafa irinta a bayan ɗaki, a tsinki ganyen don miya da kwaɗo, 'ya'yan kuma a yi daddawar batso da su. A ganina, ɗalibin da ke binciken farin 1973 ya fara da tambayar tsofaffin matan da suka shanya ganyenta suka adana.