Daga Lissafin Taurari a Sakkwato zuwa Asalin Ƙarfe

A watan Maris na 1824 Bature Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kayan auna sararin sama. Ya tarar Sarki ya san buruji da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Malaman daular sun riƙi ilimin falaki domin sanin alƙibla da lokutan salla da shigar damina, Bello kuma ya yi talifi yana gargaɗi a kan masu duba da taurari. Sun halatta lissafi, sun ƙi da'awar sanin gaibu.

Abin da ke gudana a cikin tauraro kuwa, sai a ƙarni na 20 aka gano shi. A 1939 Hans Bethe ya bayyana yadda haidirojin ke haɗewa ya zama hiliyam, ya saki zafi da haske. Daga nan matsala ta taso. Cibiyoyin hiliyam biyu in sun haɗu sukan ba da beriliyam-8, wanda ke wargajewa nan take. To, ta ina kabon, ginshiƙin jikin duk mai rai, ya samu da yawa haka?

A 1953 Fred Hoyle na Ingila ya lissafa cewa lalle cibiyar kabon-12 tana da wani matakin makamashi kusa da ilektaron-bolt miliyan 7.7, wanda ke sauƙaƙa wa hiliyam na uku mannewa kafin beriliyam ya watse. Ya kai maganar ɗakin gwaji na Kellogg a Kalifoniya, Ward Whaling da abokan aikinsa suka auna, suka same shi inda ya ce. A yau an tsayar da shi a 7.65. A 1957 Hoyle da William Fowler da Margaret da Geoffrey Burbidge suka zayyana silsilar: daga kabon zuwa oksijin, har zuwa ƙarfe, inda haɗewar ke daina ba da makamashi, babban tauraro ya rushe ya watsa abin da ya dafa.

Ke nan ƙarfen igwa, da na garmar manomi, da wanda ke cikin jinin ɗan Adam, duk a taurari aka ƙera su. Hasashen Hoyle ya tsaya ne a ɓangaren da Bello ya yarda da shi, domin lissafi ne da aka miƙa wa ma'auni, wanda ke da ikon ƙaryata shi.