Daga Sule Zuwa Naira 70,000: Tarihin Mafi Ƙarancin Albashi a Nijeriya

Albashin wata baƙon abu ne a ƙasar Hausa, domin kafin zuwan Turawa yawancin mutane da sana'ar hannunsu suke ci, manomi da gonarsa, marini da karofinsa, maƙeri da maƙerarsa, falke da jakunansa, kuma wanda ya yi wa wani ƙwadago, ko na noma ko na dako ko na gini, sai a yi ciniki a biya shi da wuri ko da hatsi, kowa ya kama gabansa. Amma ba a ce shari'a ta bar ɗan ƙwadago ba gata ba. Malaman fiƙihu sun ware wa wannan mu'amala babi guda, wato babin ijara, inda suka sharɗanta cewa lalle ne aikin ya zama sananne, ladansa kuma sananne tun kafin a soma, in kuwa ƙullin ya ɓaci bayan an riga an yi aikin, sai alƙali ya koma ga ujratul misli, wato abin da aka saba biyan irin wannan ma'aikaci a kan irin wannan aiki a garin. Game da ƙayyade farashi kuwa, an ruwaito cewa lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka wa 'yan kasuwa farashi, bai yi ba. Daga baya malamai suka yi saɓani a kan ko ya halatta shugaba ya sa hannu idan maslahar jama'a ta tilasta.

Dokar da ke hana a biya ma'aikaci ƙasa da wani adadi daga ƙasashen Turawa ta fito. Ƙasar New Zealand ce ta buɗe hanya a 1894, jihar Victoria ta Ostareliya ta bi a 1896, Ingila ta kafa hukumomin yanka lada ga wasu sana'o'in da ake zaluntar masu yin su a 1909, sa'an nan Amurka ta yi tata dokar ta tarayya a 1938, inda ta sa santi 25 a kan aikin awa guda. A waɗannan ƙasashe 'yan kasuwa da masu masana'antu ne ke ɗaukar mafi yawan ma'aikata, gwamnati kuwa alƙali ce tsakanin mai aiki da ma'aikacinsa. A Nijeriya al'amarin ya zo daban tun farkonsa, domin gwamnati ita ce babbar mai ɗaukar aiki, saboda haka duk ranar da ta zauna yanka albashi, ita ce alƙali, ita ce kuma wadda za ta zura hannu a baitulmali ta biya, baitulmalin nan kuwa dukiyar jama'a ce baki ɗaya, masu albashi da marasa shi. Wanda ya riƙe wannan bambanci, sauran tarihin ba zai yi masa wuyar fahimta ba.

Da Turawa suka ɗora haraji da kuɗinsu na fam da sule, suka ja hanyar jirgin ƙasa har ta iso Kano a 1911, suka buɗe haƙar kuza a tsaunukan Jos, sai aka sami sabon jinsin mutane waɗanda abincinsu ya rataya ga ranar biya: akawu da masinja a ofishin gwamnati da na En'e, lebura a reluwe, ɗan dako a kantunan kamfanoni. Muddin farashi na zaune, ba a cika jin kukansu ba. Amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, kaya suka yi ƙaranci, tufafi da gishiri da kananzir suka yi tashin gwauron zabo, sai sulen da ke ciyar da gida ya kasa. A 1942 gwamnati ta ba da alawus na tsadar rayuwa, tsada ta haɗiye shi, ma'aikata suka nemi ƙari aka hana, har a watan Yuni na 1945 suka shiga yajin aiki na gama-gari, wanda ma'aikatan reluwe a ƙarƙashin Michael Imoudu suka zama ƙashin bayansa. Kwana 44 aka yi jiragen ƙasa na tsaye, tashar jiragen ruwa ta Ikko, wadda yanzu aka fi kira Legas, ta yi tsit, bayan haka aka naɗa hukumar Tudor Davies, wadda ta tabbatar da cewa kukan ma'aikata yana bisa hujja, ta ba da shawarar ƙara alawus ɗin. Daga nan aka kafa sunnar da ake bi har yau: tsada ta taso, ma'aikaci ya yi haƙuri har ya gaji, ya ajiye aiki, a naɗa kwamiti, a yi ƙari haɗe da ariyas, sa'an nan a zauna jiran tsada ta gaba.

A shekarun neman mulkin kai albashi ya shiga siyasa. Gwamnatin Jihar Yamma ta jam'iyyar Obafemi Awolowo ta yi shelar sule 5 a yini ga leburorinta a 1954, abin da ya zama abin gasa tsakanin jam'iyyu, hukumomin duba albashi kuma suka riƙa biyo juna, Gorsuch a 1955, Mbanefo a 1959, Morgan a 1964, wadda jinkirin fitar da rahotonta da rage abin da ta yanka suka jawo wani yajin gama-gari a watan Yunin wannan shekara. Hukumar Morgan ta lura da wata gaskiya da aka yi watsi da ita daga baya, ita ce tsadar zama a Ikko ba ɗaya take da ta karkarar Arewa ba, don haka ta raba ƙasa shiyya-shiyya, kowace da nata adadin. Abin da ba a cika faɗa ba a wancan zamani shi ne inda kuɗin ke fitowa. Hukumomin sayen amfanin gona suna sayen gyaɗa da auduga da koko a hannun manomi bisa farashin da suka yanka, su sayar a waje da abin da ya fi haka, rarar kuwa, tare da haraji da jangali, tana cikin manyan ginshiƙan baitulmalin jihohi. Ashe ke nan ƙarin da akawu ya samu a Kaduna, wani kasonsa daga buhun gyaɗar manomin Gumel ko Ɗanbatta ya fito, alhali manomin nan ba shi da ƙungiya, ba shi da wakili a teburin sulhu, ba kuma zai iya yajin noma ba.

Babu ƙarin albashin da ya bar tarihi kamar na Udoji. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta naɗa Cif Jerome Udoji a 1972 ya shugabanci hukumar da za ta duba tsarin aikin gwamnati dungum, yadda ake ɗauka, da yadda ake horarwa, da yadda ake auna ƙwazon ma'aikaci, albashi kuwa ɓangare ɗaya ne kawai na aikin. Kafin ya miƙa rahotonsa a 1974 farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu a kasuwar duniya, baitulmali ya cika ya batse, sai gwamnati ta ɗauki babin kuɗi da hannu biyu, ta yi sakaci da babin gyara. Albashin ƙaramin ma'aikaci ya tashi daga Naira 312 zuwa Naira 720 a shekara, aka kuma mayar da lissafin baya zuwa watan Afrilu na 1974, har ya zama a farkon 1975 mutum ya karɓi ariyas na wata tara a dunƙule. Masinjan da bai taɓa riƙe Naira 100 tasa ta kansa ba ya fito daga wurin biya aljihu cike, ya nufi kanti ya ɗauki rediyo da fanka, wani ya sayi keke ko babur, wani ya kai kuɗin aure. Amma mai kanti da mai gidan haya da mahauci su ma suna da rediyo, sun ji shelar tun kuɗin bai fito ba, kowa ya gyara farashinsa yana jira. Ma'aikatan kamfanoni da na bankuna suka ce su ma sai an ba su nasu Udojin, yajin aiki ya bazu, kuɗi suka yi yawa a hannu alhali kayan da ke kasuwa ba su ƙaru ba, waɗanda aka yi odarsu daga waje kuma suka maƙale a teku, domin ɗaruruwan jiragen ruwa masu ɗauke da siminti sun toshe tashar Ikko. A shekarar 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, a ƙarshen watan Yulinta kuma aka hamɓarar da gwamnatin.

Karkara ce ta fi ɗanɗana kuɗarta. Ƙarin ya zo ne a kan gaɓar da Arewa ke fita daga farin 1972 zuwa 1974, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari, ga kuma birni yana kiran samari da aikin gini da gadi da dako wanda ladansa ya fi na gona. Ɗan ci-rani da ya saba komawa gida da faɗuwar ruwan farko sai ya yi zamansa, ladan ɗan ƙwadagon noma ya tashi har ƙaramin manomi ya kasa ɗauka, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, ƙasar da ke sayar wa duniya amfanin gona ta koma sayo shinkafa da alkama. Ba adalci ba ne a ɗora wa Udoji wannan duka, domin kuɗin mai ne asalin cutar, amma ta hanyar albashi ne kuɗin suka kwararo cikin kasuwa a lokaci guda.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa baki ɗaya ba ta samu ba sai a zamanin Shugaba Shehu Shagari, bayan Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta nemi Naira 300 ta kuma yi yajin aiki a watan Mayu na 1981. Aka daidaita a kan Naira 125 a wata, aka keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 50 ba. Daga nan adadi ya yi ta hawa: Naira 250 a zamanin Janar Babangida, Naira 5,500 a 2000, Naira 18,000 a 2011, Naira 30,000 a 2019, Naira 70,000 a 2024. Wanda ya dubi jerin nan da ido kawai zai ce ma'aikaci ya yi arziki, amma in aka ɗora shi a mizani sai a ga akasin haka, domin a 1981 Naira ta fi dalar Amurka daraja, Naira 125 tana daidai da dala 200 ko kusa da haka, alhali Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba, kuma a kasuwanni da yawa ba ta sayen babban buhun shinkafa guda a wannan shekara.

A nan ya wajaba a yi wa ma'aikaci adalci. In aka cire Udoji, yawancin ƙarin da aka yi a tarihin nan bin sawun tsada ya yi, ba shi ya haife ta ba: karyewar darajar Naira daga 1986, da janye tallafin man fetur a 2023, su suka riga, albashi ya biyo baya yana ɗingishi. Ba kuma kowane ƙari ne ke kashe aiki ba, domin binciken da David Card da Alan Krueger suka yi a kan gidajen abinci na jihar New Jersey ta Amurka, bayan an ɗaga ladan awa daga dala 4.25 zuwa 5.05 a 1992, bai sami raguwar ma'aikata ba, ko da yake masana na ta muhawara a kansa. Ga shi kuma albashin mutum ɗaya a ƙasar nan ba bakinsa kaɗai yake ciyarwa ba, akwai iyaye a ƙauye, da ƙannen da ke makaranta, da mai shagon unguwa wanda ke rubuta bashin shinkafa da sabulu a littafi yana jiran ƙarshen wata. Sai dai illolin su ma a fili suke. Jihohin da suka dogara ga kason tarayya sun kasa biya bayan faɗuwar farashin mai, har a 2015 sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki, ma'aikata na bin bashin watanni. Masana'antar da tsadar wuta ta riga ta durƙusar, in albashi ya ƙaru, sau da yawa takan rage ma'aikatan dindindin ta koma ɗaukar na wucin gadi. Mafi girma duka, ƙididdigar hukuma ta nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya ba sa cikin tsarin albashi na doka, wato manomi da tela da mai shayi da ɗan acaba da yaron shago, waɗanda ƙarin ba ya isa gare su, amma tsadar da ke biyo shelarsa tana riskar su har gida.

Hukuncin da wannan tarihi na shekara tamanin ya bayar shi ne, barin ma'aikaci a kan albashin da ba ya ciyar da iyalinsa zalunci ne wanda shari'a da hankali ba su yarda da shi ba, amma ƙarin adadi shi kaɗai bai taɓa warkar da shi ba, domin darajar albashi tana ga yawan mudun hatsin da yake saye. Saboda haka shugabanni da jagororin ƙwadago, in sun zauna duba albashi nan gaba, wanda doka ta ce yanzu a riƙa yi duk shekara uku, ya kamata su riƙa yin ƙarin kaɗan-kaɗan a kan kari maimakon a tara shi ya faɗo wa kasuwa gaba ɗaya, su kuma sa batun taki da tsaron gonaki da wutar lantarki da darajar Naira a kan teburin tare da batun adadi. Muddin manomi bai noma a wadace ba, kuma kuɗin ƙasa bai tsaya da ƙafarsa ba, duk abin da aka ƙara wa ma'aikaci a ofis, kasuwa za ta karɓe shi kafin shekara ta zagayo.